Nafisa Ba Ta Ɓata Lissafi Ba, Da Dala Ta Ƙirga

Zuwa ga Mai Girma Diraktan makarantar firamare ta unguwarmu, a nan Akokan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da malaman da ke aiki tare da ku. Ya aiki, ya zafi, ya haƙuri da yaranmu? Allah ya ba da lada, don duk wanda ya wuni da aji cike da yara a ƙarƙashin kwano a irin wannan watan, ba wanda zai zo ya koya masa haƙuri.

Sunana Laminu Habu, mutumin Damagaram, mahaifin Nafisa ta aji biyar, wato CM1, ajin malaminsu Mushe Isufu. In sunan bai tuna muku da kowa ba, ni ne mutumin nan da ke zama a layin gaba a taron iyaye da kaye, littafin rubutu, a hannu, wanda kuka taɓa tambaya ko ɗan jarida ne. Ni ba ɗan jarida ba ne. Shekara goma sha huɗu na yi ina riƙe da magazan, wato ɗakin ajiyar kayan aiki, a mahaƙar ƙarƙashin ƙasa kafin a rufe ta, aikin kuma ya bar mini wani ciwo: duk abin da ya shiga ko ya fita sai na rubuta shi. Yanzu ina rubuta lodi a tashar motocin Assamaka, amma ciwon bai warke ba.

Sau biyu na aiko muku da 'yar takarda ta hannun mai gadi, ban ji amsa ba. Ban ce ba ku karanta ba, mai yiwuwa iska ta ɗauke. Shi ya sa na yi wannan a buɗe, zan manna ta a ƙofar makaranta in kuma tura wa sauran iyaye ta waya, don ina zaton ba 'yata kaɗai abin ya shafa ba. Sau huɗu na rubuta ta ina yagawa. In har yanzu akwai rashin ladabi a ciki, ku ɗora shi a kan ƙarancin karatuna, don a kolej, farkon sakandare, na tsaya.

Na ɗaya: abin da ya faru.

Ranar Litinin ta makon jiya aka raba takardun kompozisiyon, wato jarrabawar ƙarshen shekara. Nafisa ta dawo gida ta ƙi cin tuwo, ta shige ɗaki ta juya fuska bango. Uwarta ce ta zaro takardar lissafi daga jakarta. Tambaya uku, sifiri uku, da jan alƙalamin bik, kowanne an zagaye shi tsaf kamar ƙwan zabo. A ƙasa Mushe ya rubuta da Faransanci cewa yarinyar ba ta yin tunani kafin ta rubuta.

Da farko na yarda da shi. Na yi mata faɗa, na kuma rubuta a kayena cewa na yi mata faɗa. Sai washegari bayan la'asar na zauna na duba takardar da kyau.

Ga tambayar farko. Wata mata ta je kasuwa da faran 1000. Ta sayi tumatir na 250, albasa ta 150, mai na 375. Nawa ya rage mata? Amsar littafi 225. Nafisa ta rubuta 45. A gefen takardar, inda ta yi aikinta da ƙananan lambobi, na ga ta rubuta 200, ta cire 50, ta cire 30, ta cire 75. Na daɗe ina kallon lambobin nan ban gane inda ta samo su ba. Uwarta Hadiza, wadda ba ta taɓa zama aji ba, tana gefena tana ƙulla ledar lamurjen da take sayarwa, ta ce in karanta mata ta ji. Na mayar mata da tambayar Hausa irin yadda muke magana: mace ta je kasuwa da jika guda, tumatir na hamsin, albasa ta talatin, mai na saba'in da biyar. Ban rufe baki ba ta ce, "Saura arba'in da biyar. Wannan ne ya hana ta cin tuwo?"

Ranka ya daɗe, sai da na ajiye takardar. Lambobin da na kasa ganewa, su ne na gama faɗa da bakina.

Na san kun sani, amma bari in rubuta don kada a ce ban rubuta ba. A ƙasar nan, in ana Hausa, ba a ƙirga kuɗi da faran. Da dala ake ƙirgawa, dala guda kuwa faran biyar ce. Kwandalar da aka rubuta 100 a jikinta, dala ashirin muke ce mata. Takardar da aka rubuta 1000, jika ce, dala ɗari biyu. To dala arba'in da biyar sau biyar, faran 225 ke nan cif. Tambaya ta biyu, kaye huɗu kowanne faran 125, littafi ya ce 500, ita ta yi 25 sau huɗu ta sami 100. Ta uku, lebura uku sun raba faran 2250, littafi ya ce 750, ita ta raba 450 gida uku ta sami 150. Na ninka kowacce sau biyar, na sake ninkawa da kalkuleta ta tasha don ban yarda da kaina ba. Duka ukun daidai ne. Yarinyar da aka ce ba ta tunani, sai da ta raba kowace lamba gida biyar a ka kafin ta soma aikin da 'yan ajinta suka soma kai tsaye.

Ba zan ɓoye laifinta ba. Bayan kowace amsa ta sa harafin F, don an koya musu cewa amsar kuɗi ba ta zama tsirara. Saboda haka a takarda ta ce faran 45, kuma faran 45 ba daidai ba ne. Wannan na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a ba ta maki ɗaya da wanda bai rubuta komai ba.

Na biyu: zuwana wurin Mushe Isufu.

Ranar Laraba na nemi izini a tasha na zo lokacin hutun yara. Mushe ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a kan tebur. Na nuna masa lissafin. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce, "Baban Nafisa, a lakwal, a nan makaranta, faran muka sani. Dala ta kasuwa ce. In ta je jarrabawar CM2 ta gama firamare ta rubuta 45, wa zai tsaya ya tambaye ta me take nufi?" Maganarsa tana da nauyi, na rubuta ta nan take, kuma har yau ban sami cikakkiyar amsarta ba.

Muna cikin haka sai ga tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin ƙofa ta leƙo. Mushe ya ce, "Iya, zuba mini na dala ashirin, ki sa yaji da yawa." Ya miƙa mata kwandalar dala hamsin, ya ce ta ba shi talatin ɗinsa. Wannan fa a cikin aji aka yi, a gaban allo, darasin kuɗi na rubuce a bayansa ba a goge ba. Na kalle shi. Shi ma ya kalle ni. Sai ya turo mini ƙosan. Na ci biyu, don yana da daɗi, amma sifirin nan uku suna nan inda suke.

Ba ƙararsa nake kawowa ba. Malamin kirki ne, shi ya koya wa Nafisa rabawa mai tsawo bayan na yi wata biyu ina gwadawa a gida muna ƙarewa da kuka. Abin da ke littafi yake bi.

Na uku: ku da kanku, ranka ya daɗe.

A taron iyaye na farkon shekara kun miƙe kun ce kowane yaro zai kawo dala ɗari ta alli da gyaran tankin ruwa. Yana rubuce a kayena, da bakinku kuka faɗa, sau biyu. Ba ku ce ɗari biyar ba, kuma kun yi hikima, don da kun ce ɗari biyar da iyaye sun ji jika biyu da rabi, da taron ya watse kafin a yi addu'a. Mun kawo, an karɓa, ba wanda aka sa wa sifiri. Ashe makarantarmu ta san dala sarai ran da take karɓa, ran da take ba da maki ne take mantawa.

Don kada in zalunce ku, ranar Asabar na shiga kasuwar Arlit na bi ta daga 'yan nama har 'yan dabino ina saurare. Na ji Hausar Maraɗi, na ji ta Tawa, na ji ta direbobin da suka sauko da taliya da madara daga iyaka. Ban ji wanda ya yi ciniki da faran ba. Na tambayi Agali, mai kantin kusa da gidanmu, mutumin Dannet, ko su a harshensu na Tamajak da faran suke ƙirgawa. Ya yi dariya ya ce su ma da dala ne, sunan ne kawai daban. Da na ba shi labarin takardar sai ya ce da irin Hausarsa, "Yarinya naka ya fi kalkuleta sauri. Ni ina ba shi canji yana gyara mini. In lakwal ba ya so, ka kawo mini shi." Na yi dariya a gabansa, amma da na koma gida ban ji daɗin maganar ba.

Ku duba kuma, kwandalar faran guda fa yaran nan ba su taɓa gani ba. Ni da nake da shekara arba'in da 'yan kai sau ɗaya na taɓa ganinta, a hannun wani injiniya da ya ajiye ta don sha'awa. Muna tambayar yara su ƙirga da abin da ba ya sayen ko alawa, mun kuma hana su ƙirgawa da abin da ke aljihunsu.

Na huɗu: kalmomin da ke manne a bango.

A ajin su Nafisa akwai babbar takarda da aka rubuta kalmomin kuɗi da kyakkyawan rubutu: prix d'achat, prix de vente, bénéfice, perte, épargne. Nafisa ta haddace su tsaf. Tana wanke-wanke tana rera su kamar waƙar biki, har ƙanwar uwarta ta ɗauka addu'a ce. Na tambaye ta mene ne bénéfice. Ta miƙe tsaye, ta harɗe hannu, ta ce bénéfice égale prix de vente moins prix d'achat. Na ce na ji, amma mene ne shi? Ta sake rerawa, da ƙarfi wannan karon, ko ban ji ba ne.

Sai na ce, to mece ce riba? Ta kalle ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce in Inna ta sayi citta da sukari da leda na jika biyu, ta sayar da lamurje jika biyu da dala ɗari, to dala ɗarin nan ita ce riba, jika biyun uwar kuɗi ce ba a taɓa ta. Ta ƙara da cewa in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke firiji ya huce lamurjen ya yi tsami, ran nan faɗuwa aka yi. Na ce mata to wannan ribar ita ce bénéfice, faɗuwar ita ce perte, adashen da Inna ke zubawa duk Juma'a da asusunki na gwangwani su ne épargne. Sai ta ce, "Shi ke nan? Wata uku muna rera shi, ashe riba ce?"

Minti biyar bai cika ba, ranka ya daɗe. Na duba agogo.

Abin kuma yana da ɗayan gefe. 'Yar maƙwabcinmu da ta ci goma bisa goma a wannan takardar, uwarta ta daina aikenta kanti, don in aka ce mata dala arba'in sai ta tsaya tana juya kwandala tana neman inda aka rubuta arba'in. Ita ma ba laifinta ba ne. Ɗaya ta iya na aji, ɗaya ta iya na kasuwa, ba wanda ya zauna ya nuna musu cewa kuɗin guda ne.

Na biyar: nawa laifin.

Ba zan ɗora muku duka ba, don na fi kowa sanin wannan ramin, na taɓa faɗawa ciki. Watan da na karɓi albashina na farko a mahaƙa na kira mahaifiyata a Damagaram. Maimakon in ce jika tamanin kamar kowane ɗan mutane, sai na ce mata dubu tamanin, don a san na yi kolej. Tsohuwa ta ƙirga da dala, ta sami jika ɗari huɗu, ta yi guɗa, kafin magariba dangi duka sun ji. Wata shida na yi ina karɓar saƙo: wannan rufin ɗaki, wancan keken ɗinki, wani kawuna har da raƙumi. Da na yi bayani ba wanda ya yarda, aka ce Arlit ta koya wa Laminu rowa. Har yau akwai gwaggon da ke amsa gaisuwata da hanci.

Duk da haka ban koya wa 'yata komai a kai ba. A zamaninmu in ka yi Hausa a aji ƙashin jaki ake rataya maka a wuya, na kuwa sha shi, har na tashi da tunanin cewa abin aji daban, abin gida daban, ba a gauraya su. Da na koma cikin tsofaffin kayena na tarar sau huɗu a shekara biyu na rubuta cewa Nafisa ta faɗi lissafin kuɗi. Sau huɗu na rubuta, na ja layi a ƙasa, ban taɓa tambayar dalili ba. Mutumin da ya ƙirga ƙusa ɗai-ɗai shekara goma sha huɗu bai lura 'yarsa na raba komai gida biyar ba. Wannan ya fi sifirin Mushe yi mini ciwo.

Na shida: dalilin da ya sa ba zan iya yin shiru ba.

Nafisa ta riga ta maimaita aji sau ɗaya. Ba wasa ta yi ba. Shekarar da aka rufe mahaƙa na kwashe su muka koma Damagaram neman abin yi, ban samu ba, muka dawo shekara ta yi nisa. Yanzu shekarunta goma sha uku, ta fi kowa tsawo a aji, benci na baya aka ba ta don kada ta tare wa yara allo. Na tara makinta duka, na sake tarawa: maki uku suka rage mata ta wuce zuwa CM2. Takardar lissafin nan a kan goma take, an ba ta sifiri.

Uwarta ta ce in ta sake maimaitawa ta gama lakwal, za ta kai ta koyon ɗinki, har ta yi wa mai shagon magana. Ta ce, "Yarinya ta kai ni tsawo tana zaune da 'yan shekara goma, suna ce mata Madam. Ni ba zan iya ba." Ɗinki ba abin kunya ba ne, kuma ban iya musa wa Hadiza ba, don ita ke ganin hawayen da safe ni ina tasha. Amma Nafisa kolej take so. Da ƙyar na samu Hadiza ta yarda a jira ranar da za a faɗi sakamako. An gaya mini ranar Alhamis mai zuwa malamai za su zauna su yanke waɗanda suka wuce.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙon kafin zaman Alhamis ku ɗauki takardar Nafisa, ku da Mushe Isufu, ku ninka amsoshinta sau biyar. In kun ga yadda na gani, ku cire mata na harafin F, ku cire da hannu mai nauyi ma in kuna so, amma ku ba ta na hanyar da ta bi. Ku kuma duba sauran masu sifiri a ajin. Duk wanda kuka ga ya rubuta 45, ba satar amsa suka yi ba, kasuwa ɗaya suke zuwa.

Ina roƙon a shekara mai zuwa, kafin a manna kalmomin nan a bango, a ba yara darasi ɗaya da kuɗi na gaske a kan tebur. A ɗaga kwandala a ce, wannan a gida dala ashirin, a takarda faran ɗari, ga kuma dalili. A yi musu layi biyu a allo, na dala da na faran, su riƙa hayewa daga wannan zuwa wancan har su saba. A bar Hausa da Tamajak su shigo aji na kwata guda kawai, a ce bénéfice riba ce, sannan a kore su waje in an ga dama. Wannan ita ce amsar da nake da ita ga tambayar Mushe a kan jarrabawar CM2, ban sani ba ko ta isa. Kwandaloli ni zan kawo, kowace iri, zan kuma ƙirga su kafin da bayan darasi, ba don ina zargin kowa ba, hali ne.

In kuwa kun duba kun ga ni ne ban gane ba, akwai wata ƙa'ida da ta fi ƙarfinku, to ku kira ni ku gaya mini baki da baki. Zan karɓa, ni zan gaya mata da kaina, ba sai ta ji a filin makaranta a gaban yara ba.

Kafin in kwafe wannan ta ƙarshe na karanta wa Nafisa, don sunanta ne zai hau ƙofa. Ta saurara har ƙarshe tana wasa da bakin hijabinta. Na ce ko in cire wani abu? Ta ce in cire zancen kuka a wurin rabawa mai tsawo, na ce wannan gaskiya ne, zai zauna. Sai ta ce to in ƙara abu ɗaya, ga shi na ƙara yadda ta faɗa: "Baba, kada ka ce a taimake ni. Ka ce a duba."

To ranka ya daɗe, a duba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa albarka a aikinku, ya raya muku naku 'ya'yan, ya ba Mushe Isufu ladan wahalar da yake sha da namu. Allah ya sa ranar Alhamis ta zo mana da alheri.

Wassalam.

Naku,
Laminu Habu, baban Nafisa ta CM1,
Akokan.